Me ke sa mutum ya duƙufa wajen tara katunan 'yan wasan besbol?

Mazaunin Gwale:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar tara katunan 'yan wasan besbol, wato wasan nan na Amurka da wani ke jefa ƙaramar ƙwallo wani ya buge ta da sanda, ko da yake na san ba su da yawa a cikin Kano. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya yi karatu a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, kuma a cikin kayan da ya bari akwai kwalaye biyu cike da waɗannan katuna, mafi yawansu na kamfanin Topps, wasu na Donruss da Fleer, daga na 1988 zuwa na 1991. Da aka zo rabon gado babu wanda ya nuna sha'awarsu, sai magada suka bar mini da yardarsu.

Ba farashinsu ne ya fi damuna ba. Marigayin mutum ne mai tsantseni da kuɗi, amma ga shi ya jera katunan nan bi da bi bisa lambobinsu, har ya rubuta a wata takarda lambobin da bai samu ba. Me ke sa dattijo mai hankali ya ba da lokacinsa ga hotunan 'yan wasan da ba a san wasansu a unguwanninmu ba? Ina tambaya ne domin ni kaina na fara jin ina son in cike guraben da ya bari, kuma ina so in san ko wannan abu ne da ya dace magidanci ya shiga.

Tsohon Malamin Tarihi, Kofar Nassarawa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa kawunka, Ya sa ya huta. Ɗana, kowa da kiwon da ya karɓe shi, don haka ba zan yi magana da yawun kowa ba, sai dai in faɗa maka abin da ya ja ni.

Asalin waɗannan katuna talla ce. A shekarun 1880 kamfanonin taba sigari na Amurka suka fara saka ɗan kwali a cikin fakiti domin kada karan sigari ya lanƙwashe, sai suka ga ai ana iya buga hoton ɗan wasa a jikinsa a jawo masu saye. Daga baya harkar ta koma hannun masu cingam, kuma kamfanin Topps, wanda a lokacin yake unguwar Brooklyn a birnin New York, shi ne ya kafa siffar da aka sani a yau da jerin katunansa na 1952, wato hoto a gaba, alƙaluman wasan mutum a baya. Yara ne ke saye, suna musaya a tsakaninsu, wasu ma suna maƙala katin a jikin sifokin keke domin ya riƙa ƙara. Abin da aka yi domin a yar, shi ne ya zama shaidar zamaninsa, kuma a nan ne sha'awata take.

Ni katunan baƙaƙen 'yan wasa kawai nake tarawa. Shekaru da dama an hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka, har sai ranar 15 ga Afrilu, 1947, da Jackie Robinson ya fito fili a rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42, lambar da aka jingine a dukkan ƙungiyoyi tun 1997 domin girmama shi. Kafin wannan rana baƙaƙe suna da gasarsu ta daban, kuma manyan kamfanonin kati na Amurka ba su damu da buga hotunansu ba. Josh Gibson, wanda ake lissafawa cikin mafiya ƙarfin bugu a tarihin wasan, ya rasu a watan Janairun 1947, wata uku kacal kafin a buɗe ƙofar da aka rufe masa. Satchel Paige kuwa sai da ya kai shekara 42 sannan ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi a 1948. Idan ka jera katunan shekara bayan shekara, za ka ga da idonka yadda fuskokin baƙaƙe suke ƙaruwa a hankali, kuma za ka lura da waɗanda babu su ko kaɗan, wanda shi ma darasi ne.

Katin da na fi ji da shi na Hank Aaron ne, kuma ba na farkonsa na 1954 ba ne, domin wannan ya fi ƙarfin aljihun ɗan fansho. Na shekarunsa na ƙarshe ne, gefensa ma ya ɗan tauye. Wannan bawan Allah ya sha wasiƙun zagi da barazanar kisa a lokacin da yake dab da karya tarihin Babe Ruth, shahararren farar fatar ɗan wasa na zamanin baya, na bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shinge sau 714, amma bai fasa ba, ya karya shi a watan Afrilun 1974, ya kuma yi ritaya da 755. Sa'ad da nake koyarwa, na ga ɗalibai sun fi riƙe labarin wariyar launin fata idan na miƙa musu katin suka taɓa da hannunsu fiye da idan na cika allo da rubutu. Shawarata ita ce ka fara tambayar kanka wane labari kake son katunanka su bayar, domin wanda ya ce zai tara komai gajiya zai yi.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara girma. Amma Malam mai tambaya, ko da ka ce farashi bai dame ka ba, gara ka ji gaskiyarsa tun yanzu, domin mutane da yawa labarin kuɗi ne ke jawo su, kuma su ne suka fi saurin yin da-na-sani.

Gaskiya ne an sayar da katin Mickey Mantle na Topps na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a gwanjon da aka yi a watan Agustan 2022, kuma a wannan watan aka sayar da na Honus Wagner a kan dala miliyan 7.25. Sai dai a duba dalili. Katin Wagner kamfanin taba ne ya buga shi tsakanin 1909 da 1911, aka dakatar da shi da wuri, wasu suka ce domin ba ya son a yi amfani da hotonsa wajen jan yara ga sigari, wasu suka ce a kan biyan kuɗi aka saɓa. Ko ma wanne ne, waɗanda suka rage a duniya 'yan gomomi ne. Katunan kawunka kuwa sun fito ne a zamanin da abin ya zama ruwan dare. Tun daga 1981 Fleer da Donruss suka shigo suna gogayya da Topps, Upper Deck ya biyo baya a 1989, jama'a suka ɗauka kati jari ne, kamfanoni suka yi ta bugawa babu ƙaƙƙautawa, kowa kuma ya adana nasa da kyau. Mu a Kwari mun sani, atamfar da ta cika kowane shago ba ta yin tsada komai kyan zanenta. Mafi yawan katunan 1988 zuwa 1991 kuɗin aika su ƙasar waje ya fi kuɗinsu.

Duk da haka ka duba abu biyu. Na ɗaya, katin farko na Ken Griffey Jr. na 1989, wanda Donruss da Fleer duk sun buga. Na biyu, katin Frank Thomas na Topps na 1990, domin akwai kaɗan daga cikinsu da aka yi kuskuren bugawa babu sunansa a gaba, kuma waɗannan suna da daraja sosai. Ko su ɗin ma, masu saye ba sa sakin kuɗi sai wani kamfanin tantancewa irin PSA ya duba kusurwoyi da gefe da fuskar katin da daidaiton hoton, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, kuma wannan aiki da dala ake biyansa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina. Sayen katin da ka gani, ka san shi, ka yarda da farashinsa, ciniki ne bayyananne. Amma sayen rufaffen fakiti da tsada domin fatan ka dace da kati mai daraja a ciki, wannan yana kama da cinikin garari da shari'a ta hana, kuma yadda ake tallarsa a intanet a yanzu, ana buɗe fakiti a gaban kyamara mutane sun zuba kuɗi suna jiran rabo, ya sa ni dai na nisance shi. Ba fatawa nake bayarwa ba. Ka kai maganar gaban malamin da ka amince da shi, har da batun ajiye hotuna.

Ma'aikaciyar Ɗakin Karatu:

Alhaji, maganarka a kan rufaffen fakiti abin dubawa ce ƙwarai. Ni dai takardar nan da marigayin ya rubuta lambobi a kanta ce ta tsaya mini a rai, domin ina ganin amsar tambayar tana cikinta. Jerin Topps na kowace shekara daga 1988 zuwa 1991 kati 792 ne. Mutumin da ke zaune a baƙuwar ƙasa, nesa da iyali, idan ya sami wani abu mai farko da ƙarshe, wanda zai iya bin sa lamba bayan lamba, yakan sami natsuwa a cikinsa, kuma yakan sami abin da zai buɗe hira da maƙwabtansa da abokan karatunsa. Ba na tsammanin kuɗi ya nema, domin mai neman kuɗi taurari kaɗai yake ware wa wuri, ba ya wahalar da kansa a kan lambar ɗan wasan da ba a san shi ba.

Wannan ɗabi'a ta son tsari ita ce ta gina harkar tun asali. Jefferson Burdick, ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse, shi ne ya ƙirƙiro tsarin rarraba tsofaffin katuna da haruffa da lambobi, kuma daga wurinsa aka sami sunan T206 da ake kiran jerin da katin Wagner yake ciki. Bai sayar da tarinsa ba. Kyauta ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York, ya shafe shekaru yana liƙa su a kundi da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓi da ke damunsa, ya kammala a farkon 1963, ya rasu a cikin shekarar. Mu ma nan muna da masu irin wannan hali, waɗanda ke ajiye kan sarki ko anini da kwabo masu huji na kafin zuwan naira a 1973, kuma sau da yawa sai bayan ransu ake gane amfanin abin da suka yi.

Idan ka yanke shawarar riƙe su, Malam, ka fitar da su daga kwalin nan. Gara da kyankyaso suna son kwali, laimar damina tana sa katuna su manne da juna, ƙurar hunturu tana goge fuskarsu, rana kuma tana kashe launi. Ka cire duk wata robar ɗauri, ka saka su a leda mai aljihu-aljihu ko akwatin roba mai murfi, ka ɗora a kan kanta nesa da bango da taga. Takardar marigayin ma ka adana ta tare da su, domin a wurin 'ya'yanka ita ce za ta fi kowane kati daraja.

Mazaunin Gwale:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Alhaji da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Zan tsaya a kan jerin 1989 kaɗai, in nemi lambobin da suka rage ɗaya bayan ɗaya ba tare da sayen rufaffen fakiti ba. Sai dai har yanzu alƙaluman da ke bayan katin ba na gane su.

Ɗalibi daga Tarauni:

Yaya, da izinin manya, a nan ne nake da ɗan saɓani da abin da aka faɗa. An yi maganar tarihi da kuɗi da tsari, amma ba a yi maganar wasan kansa ba, alhali ni shi ne ya kawo ni. Ban fara sayen kati ba sai da na fara kallon wasa a waya, kuma a ganina wanda bai taɓa kallo ba rabin katin kawai yake gani. A babbar gasar Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, sannan a shiga zagayen fitar da zakara a Oktoba. Wannan yawan wasanni shi ya sa alƙaluma suke da ma'ana sosai. Misali, idan ka ga .300 a bayan katin mai bugu, ana nufin a cikin kowane zuwa wurin bugu goma da aka lissafa masa ya yi nasarar bugu uku, kuma wanda ya riƙe wannan a shekara guda gwani ne.

Ni mutum biyu nake bi. Na farko Shohei Ohtani ɗan Japan, wanda yake jifa kuma yake bugu, abin da aka daɗe ba a ga irinsa ba tun zamanin Babe Ruth, kuma a Disambar 2023 ya sa hannu da Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Na biyu Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya buga wa Pittsburgh Pirates a 2017, baƙar fata na farko haifaffen nahiyarmu da ya kai wannan mataki. Bai daɗe a can ba, katinsa kuma ba shi da tsada, amma ina ganin ya cancanci wuri a cikin tarin Baba Malam.

Wahalar kallo daga Kano ita ce lokaci, domin wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a New York ƙarfe 12 na dare ne a nan, na Los Angeles kuwa sai ƙarfe 3 na dare, ya ƙare dab da asuba. Saboda haka kada ka hana kanka barci. Taƙaitattun wasannin da ake sakawa a YouTube da safe sun isa ka koyi ƙa'idoji. Idan ka turo hoton bayan kati guda daga cikin na 1989, zan bi layukan ɗaya bayan ɗaya in bayyana maka abin da kowane yake nufi, kuma ka haɗo da lambobin da suka rage maka, domin ina da wasu na wannan shekara da suka zo mini biyu-biyu.