Rage tsayin mota ne ke sa taya gogar madigadi, ko kuwa rim da taya ne masu laifi?

Nasiru: Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce na sa an canza wa motata sifirin da gajeru, tsayinta ya ragu da kusan milimita 35, kuma tun daga ranar tayar baya ta hagu take gogar bakin madigadi duk lokacin da na ɗauki mutum biyu a kujerar baya ko na faɗa rami. Wani ya ce mini rage tsayi shi kaɗai ba ya sa taya ta goga, wai in nemi laifin a wani wuri. Ni kuwa na kasa yarda, domin kafin a taɓa sifirin ban taɓa jin wannan ƙara ba.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Wanda ya faɗa maka haka yana da hujja mai ƙarfi, kuma ina tare da shi. Kamfanin da ya ƙera mota yana tsara ramin madigadi ne ta yadda tayar asali za ta haura har iyakar matsewar shokazoba ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, kuma abin da ke tsayar da ita a wannan iyaka shi ne robar nan mai kauri da ke jikin sandar shokazoba. Gajeren sifirin bai matsar da wannan iyaka ba, abin da ya yi kawai shi ne ya kusantar da motar zuwa gare ta. Saboda haka idan rim da taya na asali ne, kuma robar tana nan lafiya, motar za ta riƙa dukan robar tana jijjiga ka, amma taya ba za ta kai ga madigadi ba. Ina so ka gaya mana gaskiya, rim da tayar da ke kan motar su ne waɗanda ta zo da su?

Nasiru: A'a, Injiniya. Na canza su tun bara. Rim na asali inci 17 ne mai faɗin inci 7 da lamba ET45, na yanzu kuma faɗinsa inci 8 ne da lamba ET35. Tayar asali 225/45R17 ce, amma na sa 225/50R17 domin ta fi laushi a kan hanya. Sai dai kusan shekara guda na yi da su ban ji gogar komai ba.

Injiniya Kabiru: To, ga amsar nan ta fito daga bakinka. Lambar ET tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa mota, a milimita, kuma duk lokacin da lambar ta ragu rim yana ƙara fitowa waje. Daga 45 zuwa 35 ka fitar da shi milimita 10. Ƙarin inci guda na faɗi milimita 25.4 ne, rabinsa wato 12.7 yana zuwa waje, don haka leɓen rim ɗinka ya fito da milimita 22.7. Ita kuma tayar, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na faɗinta, milimita 225, a da, wato kusan milimita 101, yanzu kuma kashi 50 ne, wato 112.5. Ka ƙara mata tsayin milimita 11 ta sama, sannan ka turo ta ƙarƙashin bakin madigadi. Matsalar tana nan kwance tun bara, sifirin na asali ne yake rufa maka asiri saboda da wuya tayar ta haura har can.

Malam Garba: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ina da gyara a wuri biyu. Na farko, milimita 22.7 ɗin nan leɓen rim ne ya fito da su, shimfiɗar tayar da ke taka ƙasa kuwa milimita 10 kawai ta matsa, domin taya tana zama ne a tsakiyar rim. Rim mai faɗi yana ɗan buɗe gefenta, amma ba ya matsar da shimfiɗar. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, shi ne ka yi magana kamar kullum robar tsayarwa tana nan yadda kamfani ya sa ta. A shekarun da na yi ina wannan aiki, sau da yawa nakan ɗage robar da ke kare sandar shokazoba daga ƙura in tarar an yanke rabin ta tsayarwar da wuƙa, ko ta ruɓe ta zama gari ta zube a hannuna. Masu sa gajeren sifirin sukan rage ta da gangan domin a samu wurin motsi, kuma wasu kamfanonin sifirin ma suna ba da umarnin a yi hakan a wasu motoci. Da zarar an yanke ta, iyakar da kake magana a kanta ta matsa sama. Haka nan koyiloba, wato shokazoba da ke haɗe da sifirinsa, idan mai gajeren jiki ce, tana barin taya ta haura inda shokazoba na asali ba zai taɓa barin ta ta kai ba. A irin wannan hali aikin rage tsayin ne ya jawo gogar, ko da rim da taya na asali ne.

Usman: Ni a ganina an tsawaita magana. A lanƙwashe bakin madigadin zuwa ciki da na'urar da ake yin haka da ita, a ɗumama fentin don kada ya tsage, shi ke nan an huta.

Malama Zainab: Malam Usman, ban yarda a fara da wannan ba, domin aiki ne da ba a mayar da shi baya, kuma har yanzu ba mu san inda tayar take taɓawa ba. Malam Nasiru ya ce bakin madigadi ne, amma kunne yakan yaudari mutum. Ya shafa alli a leɓen madigadin da robar cikinsa, ya ɗauki mutum biyu ya bi hanyar da ya saba jin ƙarar, sannan ya sauka ya duba inda allin ya goge da inda ya hau jikin taya. Idan layi ne siriri a kafaɗar tayar ta waje, leɓen ƙarfe ne ke yankar ta, kuma wannan yana da haɗari domin yana iya kaiwa ga zaren cikin taya. Idan kuwa robar cikin madigadin ce ta yi sulɓi daga sama, to tsayin tayar ne ya yi yawa, kuma lanƙwasa leɓe ba zai amfana masa komai ba. Akwai kuma abin da ya faɗa wanda ba a kula da shi ba, wato gefen hagu kaɗai ke gogar.

Malam Garba: Madalla, Malama, wannan shi ne abin da ya kamata a fara tambaya. Nasiru, ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri marar gangare, iskar tayoyi daidai, ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi a ƙafafu huɗu. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta za su ɓata maka awo. Idan hagu ya fi dama sauka sosai, a duba ko ƙarshen sifirin ya zauna a gurbinsa, ko an manta da robar da yake zama a kai. Ka kuma tambayi wanda ya yi aikin ko ya ɗaure bol ɗin bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, motar tana rataye ne a kan jak. Bushin roba ana ɗaure shi ne nauyin mota yana kan ƙafafunta, in ba haka ba zai zauna a murɗe, ya hana motar sauka daidai, kuma ya yage da wuri.

Injiniya Kabiru: Na karɓi gyaran Malam Garba game da shimfiɗar taya da kuma robar da aka yanke, sai dai hakan bai rushe maganata ba, ya dai nuna sharaɗinta. Gwajin da zai raba gardamar shi ne a cire sifirin na ƙafar hagu, a mayar da taya, a ɗaga ƙafar da jak a hankali har robar ta matse. Idan tayar asali ta wuce lafiya ta yanzu kuma ta taɓa, an gane mai laifi. Wannan aikin bakanike ne mai kayan matse sifirin, domin sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya yi abin da ya fi haka.

Nasiru: Na auna ɗazu. Gaba biyu sun zo daidai, amma bayan hagu ya fi na dama sauka da milimita 9, kuma allin ya goge ne a leɓen ƙarfe, na ga siririn layi a kafaɗar tayar. Tayoyin 225/45 na da suna nan a ajiye.

Malam Garba: To, kada ka sake ɗaukar kaya a baya sai an gyara. A fara da zaman sifirin na hagu da robar tsayarwa, a sassauta bushin a sake ɗaure su motar tana ƙasa, sannan a mayar da 225/45. Bayan haka ka kai ta a yi mata saitin ƙafafu, domin rage tsayi yana canza kwanciyar taya da inda take fuskanta, kuma idan ba a daidaita ba za ta cinye ta gefen ciki. Idan an yi duk wannan alli ya sake gogewa, lokacin ne za a zaɓa tsakanin rim mai ET45 da shawarar Malam Usman.