Inshorar lafiya a Amurka: shawarwarin da aka tattaro

Mahalarta wata tattaunawa kan yadda za a samu inshorar lafiya a Amurka sun yarda cewa jiran majalisar Amurka ta gyara lamarin ɓata lokaci ne. Dokar faɗaɗa inshorar lafiya ta 2010, wato Obamacare, ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya ba, yunƙurin soke ta kuma ya faɗi a majalisar dattawa a 2017 da ƙuri'a 51 da 49. Tun daga nan ake ta ja-in-ja.

Shawara mafi ƙarfi: mutum ya duba jiharsa tukuna, domin wasu jihohi, irin su Texas, sun ƙi faɗaɗa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Kada a bari lokacin rajistar inshorar Obamacare da ke buɗewa a Nuwamba ya wuce. Wanda ba shi da inshora ya nemi cibiyoyin lafiya na unguwa, masu karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum. Wasu sun ce a riƙa kiran ofishin ɗan majalisa. Ni dai ban ga ya cika tasiri ba.