Dutsen zoben Rumawa: na'ura kaɗai ta isa shaida?

Malamin Kimiyya: Salamu alaikum. Jiya na ce wa ɗalibai yanzu ba sai an kankare dutsen zoben gilashi na zamanin Rumawa ba kafin a gane na asali ne. A haska shi da na'urar XRF mai aiki da hasken X-ray, sinadaransa su bayyana, magana ta ƙare. Wani yaro ya ce da sauran rina a kaba. Ku raba mu.

Baba Maƙeri: Wa alaikumus salam. Me ake nema a cikinsa, Malam?

Malamin Kimiyya: Kanwa, Baba. Da yashi da kanwar Wadi Natrun ta Masar ake narka gilashin Rumawa, shi ya sa sodiyam ya yi masa yawa, fotasiyam kaɗan. Shi kuwa James Tassie, ɗan Sikotilan da ya rasu a 1799, ya kwaikwayi irin waɗannan duwatsu sama da 15,000, har Sarauniya Katarina ta Rasha ta saya. Nasa gilashin dalma ce da fotasiyam.

Anti Mai Tarihi: Allah ya gafarta Malam, yaron nan ya fi ka gaskiya. XRF ta hannu ba ta kama sodiyam, iska ke shanye haskensa kafin ya dawo. Sannan dutsen da ya shekara 2,000 a ƙasa, danshi ya riga ya tsotse kanwar fatarsa. Na taɓa riƙe guntun tsohuwar kwalba, ɓawonta na walƙiya kamar bakan gizo, yana zubo min a yatsa kamar dusa. Wannan ɓawon za ka auna?

Malamin Kimiyya: Ai na'urar dai tana ganin dalma.

Anti Mai Tarihi: Tana gani, amma Rumawa ma suna zuba dalma a jan gilashi da rawaya. In kuma mai jabu ya narka fasasshen gilashin Rumawa na gaske fa?

Ɗan Auta: Anti, babbar na'urar binciken sinadarai mai suna AGLAE da ke ƙarƙashin gidan tarihin Louvre a Faris tana auna sodiyam ba tare da an taɓa dutsen ba.

Anti Mai Tarihi: Gidajen tarihi nawa ke da irinta? Shi ya sa wasu ke huda fatar dutsen da hasken leza don su auna na ciki, ramin bai wuce kaurin silin gashi ba.

Baba Maƙeri: 'Yata, rami rami ne. Ni a ba ni madubin ƙara girma in duba sassaƙar tukuna, hannun maƙeri ba ya ɓuya.

Malamin Kimiyya: Baba, Tassie daga jikin na asalin yake ɗaukar zubinsa. Hannun wa za ka gani?