Waya na kashe makirufo da kunci? Ga abin da aka tattauna

Tambayar da aka tattauna ita ce: me ya sa allon waya ba ya mutuwa lokacin kira, har kunci ya taɓa shi ya kashe makirufo? Yawancin waɗanda suka yi magana sun ɗora laifin kan gilashin kariya mai arha da ke rufe ƙaramar na'urar da ke saman waya kusa da sifika, wadda ke kashe allo idan ka kara waya a kunne. A ɓare shi a gwada. Wasu suka ce ƙurar hunturu da gumi ma kan toshe ta, a goge da tsumma mai laushi.

Masu Samsung su danna *#0*# a wurin buga lambar kira, su shiga inda aka rubuta Sensor, su ɗora yatsa a kan na'urar su ga ko ta amsa.

Wanda ya fi burge ni wani mai gyara ne: in bayan canjin allo matsalar ta fara, galibi robar da ke kewaye da na'urar aka manta, a mayar wa wanda ya canja allon.