Kwanan zaune ya zo: yaya kuke shiga wasannin fitar da gwani na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma wa kuke gani zai ɗauki kofin 2025?

Dogon Samaru:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya Lahadi 13 ga Afrilu 2025 aka rufe kakar 2024/25, kowace ƙungiya ta cika wasa 82. Daga Talata zuwa Juma'a wasannin cike gurbi ne, Asabar 19 ga wata kuma a shiga fagen daga. Oklahoma ta gama da nasara 68, Cleveland 64, Boston 61. Ba jeren sunaye nake nema ba, wannan kowa na iya gani a waya. So nake kowa ya ba mu labarin daren da ya gane da idonsa cewa wasan Afrilu zuwa Yuni daban yake da na Disamba, sannan ya faɗi wanda yake gani bana.

Bari in fara da nawa. 2016, cikin azumi. Golden State ta ci wasa 73 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba, ga ta kuma da 3 da 1 a kan Cleveland a zagayen ƙarshe. Na cika baki a majalisarmu har na ce duk wanda ya ga Cleveland ta ɗaga kofi ya zo in saya masa kaza ranar Sallah. Aka dakatar da Draymond Green a wasa na biyar, tun daga nan ƙasa ta fara zamewa. Daren wasa na bakwai mu shida ne a ɗakin wani abokina, ƙarfe ɗaya aka fara. Aka tsaya a 89 da 89 kamar an ɗaure kwandunan biyu, LeBron na Cleveland ya biyo Iguodala a guje ya manne ƙwallon da allo, Kyrie ya jefa mai maki uku, aka tashi 93 da 89. Matar gidan ta turo mana sahur, tuwon ya ƙi wucewa a wuyana. Kaji huɗu na saya. Tun daga ranar na daina rantsuwa da tebur.

Abba Fagge:
Yaya Dogo, Allah ya mayar da alheri. Ni sabon shiga ne, daga ƙwallon ƙafa na zo. Me ake nufi da cike gurbi? Kuma sili-ɗaya-ƙwale ake yi kamar kofin duniya?

Dogon Samaru:
A'a ƙanena. Kowace shiyya, Gabas da Yamma, shida na sama sun wuce kai tsaye. Ta bakwai da ta takwas su kara, wadda ta ci ta ɗauki gurbi na bakwai. Ta tara da ta goma su kara, wadda ta faɗi ta tafi gida, wadda ta ci ta haɗu da wadda aka doke a wasan farko don gurbi na takwas. Bayan nan ƙungiyoyi 16, zagaye huɗu, kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Wato kofi yana buƙatar nasara 16. Ka tanadi ido na wata biyu.

Malamin Firamare:
Ni abin da na koya, daga wajen Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a wancan lokaci, na koye shi, kuma ba don yaron Zariya ne kawai ba, ko da yake hakan ma ya sa muke bin Toronto a lokacin. A 2018 ƙungiyarsa ta ci wasa 59, Cleveland ta share su 4 da nema. Mutumin nan ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka ba shi kyautar gwarzon koci, ya ba da DeRozan da duk birnin ke ƙauna ya karɓo Kawhi Leonard, wanda wasa tara kacal ya buga a kakar baya. A majalisarmu an zage shi tas.

To sai aka shiga kaka, ka hana idonka barci ka kunna, a ce maka yau Kawhi yana hutu. Wasa 60 ya buga cikin 82. Raina ya yi ta ɓaci, ina ganin an cuce mu mu masu sayen data. Sai da aka zo fitar da gwani na gane lissafin: wasa 24 suka yi, bai tsallake ko ɗaya ba. Daren 12 ga Mayu 2019, shi ma cikin azumi, na dawo daga masallaci na zauna a tsakar gida da waya saboda zafin ɗaki. Ana 90 da 90 da Philadelphia, saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai, ya kwashi ƙwallo zuwa kusurwa, Embiid na Philadelphia na binsa, ya jefa. Ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. Ihun da na yi, maƙwabcina ya leƙo ta katanga da tocila yana tambayar ko ɓarawo ne.

Abin da ya sa nake wannan dogon zance: shirin fitar da gwani tun Nuwamba ake fara shi, da wanda aka hutar da wanda aka saya. Marc Gasol a Fabrairu ya zo, shi ya tsare Embiid. Kuma a faɗi gaskiya, sun sami Golden State ta raunata, Durant ya tsinke jijiyar agara a wasa na biyar, Klay ya ji rauni a gwiwa a na shida. Bana ina duban wanda ya iso Afrilu da ƙafafunsa lafiya. Shi ya sa New York ba ta kwanta mini ba, kocinsu Thibodeau ba ya ɗaga manyan 'yan wasansa daga fili, kuma bara mun ga yadda suka ƙare da Indiana: Anunoby da ciwon cinya, Brunson da karayar hannu a wasa na bakwai.

Hajiyar Benci:
Malam ka manta ka ƙara da cewa bana wasa 10 New York ta yi da Boston da Cleveland da Oklahoma, ba ta ci ko ɗaya ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare ya koya mini wannan wasa. In ɗaki ya yi shiru wajen ƙarfe uku, wasannin Yamma ne ke kan layi, sai in saka abin ji a kunne ɗaya. Nawa daren 2023 ne. Milwaukee ce ta fi kowa nasara, 58, ga Giannis ɗan gida, ɗan asalin Najeriya. Miami kuwa da ƙyar ta shigo, Atlanta ta doke ta a cike gurbi, sai da ta bi ta kan Chicago. Wasa na farko Giannis ya faɗo da bayansa, da na ga yadda yake tafiya na ce wa abokiyar aikina wannan ba ciwon kwana biyu ba ne. Ya rasa wasa biyu. Ya dawo a na huɗu, Jimmy Butler na Miami ya zuba musu maki 56. A na biyar Giannis ya samu jifan kyauta 23, goma kawai ya ci. Mutumin da a 2021 ya ci 17 cikin 19 a daren da ya yi wa Phoenix maki 50! Aka fitar da su 4 da 1, aka kori koci, Miami mai gurbi na takwas ta je har zagayen ƙarshe.

Bana kuma Lillard na Milwaukee na fama da daskarewar jini a ƙafa. Wannan ciwo na san shi a wajen aiki, ba a gaggawa da shi. Zuciyata na tare da Giannis, hankalina ba ya tare da Milwaukee.

Ɗan Zongo Kumasi:
Mu nan muna da sauƙin awa ɗaya a kanku, wasan da kuke gani 1:30 mu 12:30 ne. Ni Lakers nake tun zamanin Kobe, ba zan canza ba. Luka da LeBron a riga ɗaya, wa zai tsaya?

Hajiyar Benci:
Ɗan'uwa, wa zai tsare muku ƙarƙashin kwando? Kun ba da Anthony Davis, cinikin Mark Williams ya rushe a gwajin lafiya. Minnesota na zuwa muku da Gobert da Randle da Naz Reid, ga Edwards. LeBron kuma shekara 40.

Ɗan Zongo Kumasi:
Hajiya a bar mu da mafarkinmu mana.

Badamagare:
Gaisuwa daga Zinder. Mu shirinmu na farko ba na 'yan wasa ba ne, na wuta ne da shayi. Wannan lokaci zafi ya kai maƙura, wuta na yawan yankewa, sai mu haɗa kuɗi mu cika batir tun la'asar, mu fitar da tabarma waje, ƙaramin cikinmu ya kama buta. Wasa ɗaya zagaye uku na shayi ne, in aka shiga ƙarin lokaci a sake sabon ganye.

Bara ne na ga abin da ban manta ba. Denver mai riƙe da kofi, wasa na bakwai a gidanta, ta ba Minnesota tazarar maki 20 a farkon kashi na uku. Biyu daga cikinmu suka naɗe tabarma suka tafi barci. Da safe na same su wajen mai waina suna zancen yadda Denver za ta yi da Dallas. Sai da na nuna musu waya. Abin da na gani a daren shi ne gajiya, Jokic da Murray sun ɗauki kaya su kaɗai, benci babu mai taimako. A kaka koci na iya juya mutum goma ko sha ɗaya, amma in aka zo nan sai ka ga bakwai ko takwas kawai yake yarda da su, kuma abokin karawa ya yi kwanaki yana nazarin mutum ɗaya. Duk mai rauni a tsaron baya, a kansa za a yi ta bi har a zaunar da shi.

Bana kuma sun kori Michael Malone saura wasa uku a gama kaka. Kocin da ya kawo musu kofin 2023! Jokic na ba da kusan maki 30 da sama da ƙwallo 12 daga allo da taimako 10 a kowane wasa, amma gidan da aka canza maigida ana gobe biki, ban sani ba. Ga Clippers a gabansu, Kawhi da ke buga mata ya dawo.

Na Garwa:
Ba wanda ya ambaci Indiana, to ni zan ambata. Siakam ɗinsu namu ne na Kamaru, ya san hanyar kofi tun 2019. Bara sun kai wasan ƙarshe na Gabas. An ce Boston ta share su 4 da nema, haka ne, amma wanda ya kalla ya san uku daga ciki a mintin ƙarshe suka kuɓuce, na farkon ma sai da Jaylen Brown ya jefa mai maki uku daga kusurwa aka tafi ƙarin lokaci. Gudu suke yi har abokin karawa ya fara riƙe gwiwa.

Baban Nana:
Ku yara ne. Ni na ga 1995, ba kai tsaye ba, kaset ake kawo mana daga Legas bayan kwanaki, mu taru gidan mai bidiyo, kowa ya rantse bai ji sakamako a rediyo ba. Houston ta shida ta gama a Yamma da nasara 47. Tauraronta Hakeem Olajuwon, wanda a watan Fabrairun shekarar yana azumi aka zaɓe shi gwarzon wata, ya bi ta kan Utah da Phoenix da San Antonio, ya yi wa David Robinson abin da har yau ake nunawa, sannan ya share Orlando ta Shaquille 4 da nema. Har yanzu babu wata ƙungiya da ta ɗauki kofi daga ƙasa da wannan gurbi. Shi ya sa nake ce muku a bar yawan kafa hujja da Miami. Irin wannan sau ɗaya ne a shekaru masu yawa, yawanci kofi yana hannun uku na saman kowace shiyya.

Ni Boston nake gani. Bara wasa 19 kacal suka yi a fitar da gwani suka ci 16 suka ɗauki kofi, kuma mutanen nan ne dai ba a taɓa su ba. Damuwata biyu: gwiwar Brown, da wannan jifan nesa da suke yi sama da 48 a wasa. Ranar da hannu ya ƙi, ba sa sauya hanya, sai su ci gaba da jifa kamar mai roƙon ruwa.

Dogon Samaru:
Baba, ranka ya daɗe, amma tun Golden State ta 2017 da 2018 babu wanda ya maimaita. Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, shekara shida zakara shida.

Na san na ce na daina rantsuwa da tebur, to ga ni zan karya alkawari. Oklahoma ba don 68 nake ganinta ba. Bara ma ita ce ta ɗaya a Yamma, Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu saboda an fi ƙarfinta a ƙarƙashin kwando. Suka duba inda rufin ke yoyo suka gyara nan: suka kawo Hartenstein, suka ba da Giddey suka karɓi Caruso. Holmgren ya karye a ƙugu a Nuwamba ya yi watanni a waje, ba su girgiza ba. Tauraronsu Shai ne ya fi kowa maki a gasar, amma tsaron bayansu ne ke ba ni tsoro, ƙwace ƙwallo suke kamar shaho a tsakar kaji. Cleveland kuwa, ta fara kaka da nasara 15 a jere, na yarda, sai dai tauraronta Mitchell bai taɓa wuce zagaye na biyu ba. Sai na gani.

Malamin Firamare:
Dogo, kaji nawa bana?

Dogon Samaru:
Ko ƙwai ban yi alkawari ba.

Abba Fagge:
To ni yaya zan yi, ina buɗe shago ƙarfe takwas?

Hajiyar Benci:
Yi irin na Kawhi, ƙanena. Zagayen farko wasanni sun yi yawa, wani daren har huɗu, kada ka ce sai ka ga duka. Na Asabar da Lahadi akwai masu farawa tun shida na yamma ko takwas da rabi agogonmu, su za ka kama. A tsakiyar mako ka kwanta bayan isha'i, ka saka ƙararrawa don kashi na uku da na huɗu. Na Yamma masu farawa ƙarfe uku, ka bar su sai in wasa na shida ne ko na bakwai. Kuma in hadari ya haɗo a Mayu faranti zai ɗauke, ka ajiye data a gefe.

Abba Fagge:
Na gode Hajiya. Gobe Talata wa da wa?

Badamagare:
Orlando da Atlanta tukuna, sannan Golden State da Memphis, wannan ƙarfe uku na dare ne. Clippers ce ta tura Curry da Butler na Golden State cike gurbi jiya a ƙarin lokaci. Mu dai batir na caji tun yanzu, sukari ne ya rage a saya.