Rimot ɗin tibinmu ya sha kunu: in sayi mai kama kowace tibi ko in jira na asali?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya bayan la'asar autana ya tsoma rimot cikin kofin kunun gyaɗa, sai da na zo kwashe kwanuka na gan shi tsaye a ciki kamar ludayi. Tibin Hisense ce inci 32, irin ta da, ba mai intanet ba. In aka ɗauke wuta aka dawo, jar fitila kawai take nunawa, sai da rimot take tashi, maɓallin jikinta kuwa tuni yara suka lotsa shi. Wani mai shago a Sabon Gari ya ce akwai mai kama kowace tibi a 2,500, na asali kuma sai an yi masa aike daga Legas. Dubu uku ce a hannuna. Wayata ba ta da abin rimot, na duba. Wanda ya taɓa amfani da irin wannan ya faɗa min gaskiya.

Abba Dijital: Wa alaikumus salam Anti. Kar ki kashe ko sisi, ki sauke manhajar rimot a wayarki, shi ke nan.

Maman Ilham: Ɗan nan, ka karanta har ƙarshe kuwa?

Abba Dijital: Afuwan Anti. Ni Redmi gare ni, tana da ɗan idon nan a sama, na ɗauka kowa haka ne.

Ummu Sultan: 2,500? Ya ga gyalenki ne. Ni 1,200 na saya.

Ɗan Kaduna: Yaushe, zamanin Shagari? Makon jiya 4,000 na biya a Kasuwar Gumi, da kyar ma ya rage min ɗari biyu.

Baban Khalifa: Hajiya, ki ji daga bakin wanda abin ya ci. Uku na saya cikin wata guda. Na farko mai shagon ya gwada a tasa tibin, komai lafiya. Na zo gida, kunnawa da ƙara murya kaɗai yake yi, Source kuwa, maɓallin da ake komawa dikoda ko DVD da shi, ko gezau. Na mayar, ya ce an yage leda, ba a karɓa. Ledar da shi da kansa ya yage a gabana! Na biyu sai an saka masa lamba, takardar ciki rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, har da tocila na karanta. Ya kama, na ce alhamdulillahi. Ashe da zarar batir ya motsa sai ya manta komai. Daren wasan ƙarshe na kofin Afirka, Fabrairun 2024, mu da Kwaddibuwa, falona cike da maƙwabta, mun ci ɗaya ana ihu, aka ɗauke wuta. Na tayar da janareta, tibi ta ƙi tashi. Wani yaro ya yar da rimot ɗin, lamba ta goge. Ina durƙushe ina danne-danne, manyan mutane suna zare jiki ɗaya bayan ɗaya suna tafiya gidan kallo. Kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa kasuwa ya fi kuɗin rimot ɗin. Har yau in na bi ta layin nan ba na kallon shagonsa.

Na Malam: Ai rimot ɗin nan masoyinka ne Baban Khalifa, ya hana ka ganin biyun da aka zura mana.

Baban Khalifa: Kai dai ba ka da mutunci.

Ummu Sultan: To na ukun fa?

Baban Khalifa: Yana nan. Na naɗe shi da salatif kamar mai karaya, ba mai taɓa shi sai ni.

Sani Mai Gyara: Hajiya, kafin ki sayi komai, cire batir ɗin yanzu. Ki ɓare rimot ɗin a hankali ta gefe, ki wanke robar maɓallan da ruwa, allon ciki kuma ki goge da auduga da sifirit, ki bar shi ya bushe sosai. Kunu danƙo yake yi a kan baƙaƙen ɗigon nan, sau da yawa iyakar ciwon ke nan. In kin haɗa, ki buɗe kyamarar waya, ki saita kan rimot ɗin gare ta ki danna. In kin ga haske yana ƙyaftawa, da ransa. In ya mutu, kar ki ce wa mai shago mai kama kowace tibi. Iri biyu ne. Akwai na lamba, irin wanda ya wahalar da Baban Khalifa. Akwai kuma wanda aka yi wa kamfani ɗaya, za ki ga an rubuta Hisense a kwalin, kamfanin Huayu suna yin irinsa, yawanci batir kawai za ki sa. Ki tafi da tsohon a jaka ki jera su, ki tabbata akwai Source da Menu.

Ɗan Kaduna: Mai gyara zai ce a wanke mana, don in ta ɓalla shi ta kawo masa.

Sani Mai Gyara: Ina Gusau tana Kano, ta ina za ta kawo min? Shekarata goma sha ɗaya a kan benci, kai rimot nawa ka taɓa buɗewa?

Baban Khalifa: Ni dai na biya kuɗin makaranta sau uku, maganata ta fi ta mai sayarwa.

Sani Mai Gyara: Ranka ya daɗe, ba na sayarwa. Kuma da ka rubuta lambar a bayan rimot ɗin da biro, da ka kalli wasanka.

Issoufou Maraɗi: Mu nan jikka ɗaya da rabi ne, kuma ba ya ba mu wahala. Ku dai kuna sayen na banza.

Ummu Sultan: Malam Issoufou, jikka ɗaya da rabi ta sefa ai ta haura dubu ukun da ke hannun Maman Ilham in an canza.

Hajiya Turai: Ni duk ba rimot ne damuwata ba, batir ne. Na sayi guda huɗu wurin mai tebur, kwana tara suka yi, na biyun ma ya tsiyaye ya cinye min wayar cikin rimot ɗin, duk ta yi kore. In ka ɗaga shi ba nauyi, kamar karan dawa.

Na Malam: Ki cije shi Hajiya, yana ƙara kwana biyu.

Sani Mai Gyara: Don Allah kar wanda ya ciji batir, abin cikinsa yana ƙuna, balle gida mai yara.

Ɗan Kaduna: Ku da kuke da wutar kallo ke nan. Unguwarmu yau kwana shida taransifoma na kwance, an karɓi dubu bibbiyu gida-gida, ga takardar kuɗin wata an kawo cif.

Baban Khalifa: Mu sai ƙarfe biyun dare suke kawowa, ta tafi kafin asuba. Wa zai kalli tibi a lokacin, aljanu?

Maman Ilham: Malam Sani, na buɗe na wanke, amma wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Na wajen batir ne ko na me? Kuma har yanzu ba wanda ya ce min ko 2,500 ɗin ya yi.

Hajiya Turai: Dubu bibbiyu? Mu uku-uku aka karɓa, kuma wanda ya tara kuɗin ya daina ɗaga waya.