Tsiro mai ruwan ɗorawa a kan jariri: sai an yanka kafin a gane shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata bakwai, kuma tun yana wata uku wani ɗan tsiro ya fito masa a fatar kai. Da farko ja ne, na ɗauka ƙurji ne da zai nuna ya fashe, amma bai yi mugunya ba, sai ya yi tauri, ya koma ruwan ɗorawa. Ba ya yi masa ciwo ko ƙaiƙayi. Likita ya ce yana zaton zantogiranuloma ne na yara, ba ciwon daji ba, amma ya ce wataƙila a yanki kaɗan a gwada. Idan ba shi da illa, me ya kawo maganar yanka?

Likitan fata:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bayaninki ya dace da zaton abokin aikina. Wannan tsiro taruwar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne a cikin fata, kuma kitsen da suke tarawa sannu a hankali shi ne ke mayar da shi rawaya. Kada wannan ya sa ki zaci kitse ya yi wa yaron yawa a jini, domin ba su da alaƙa. Ya fi fitowa a kai, wuya da saman jiki cikin shekarar farko, kuma yawanci yakan lafa da kansa cikin shekara 3 zuwa 6.

Sau da yawa ido da tarihin tsiron sun isa, musamman idan aka duba da damoskof, wato madubi mai fitila da ke ƙara girman fata, aka ga tsakiya rawaya, gefe kuma ja-ja, abin da muke kwatantawa da faɗuwar rana. Matsalar ita ce a fata mai duhu rawayar takan ɓoye, tsiron ya yi kama da wasu. Akwai mastositoma, wanda ke kumbura ya yi ja idan an murza shi, akwai wani nau'in tawadar Allah da ake kira Spitz, sannan akwai cutar ƙwayoyin Langahans, wato taruwar wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki daban, wadda ita ce ba ma so a yi kuskure a kanta. Shi ya sa ake yankar kaɗan: idan aka sa naman a madubin likita, ana neman wasu manyan ƙwayoyi masu kitse da ake kira Tuton, kuma idan zantogiranuloma ne, gwajin rini na CD68 yakan nuna alama, na CD1a kuwa ba ya nunawa. A ra'ayina, tsiro guda ɗaya mai kamanni bayyanannu, wanda ya daina girma, ana iya sa masa ido kawai.

Wata uwa:
'Yar'uwa, 'yata ta yi irinsa a wuya. Ba a yanka ba, hotonsa kawai nake ɗauka kowane wata kusa da ma'auni, in nuna wa likita. Yanzu sai ɗan tabo.

Likitan yara:
Ina so in ƙara abu ɗaya da bai kamata a manta ba. Idan tsiron ya fi ɗaya kuma yaron bai kai shekara 2 ba, a kai shi ga likitan ido, domin wani lokaci yakan fito a cikin ido ya jawo zubar jini ko hawan jinin ido. Haka kuma, Hajiya, ki duba ko akwai faci-faci masu launin shayi da madara a jikinsa; idan sun kai shida, ki sanar da likitansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, tsiron ɗaya ne, facin kuma babu. Zan tambayi likitansa game da damoskof ɗin kafin a yanke shawara.